Ruwa a kan jariri: hanyar da muka bi a Kano har aka yi wa 'yarmu aiki

Wannan bayani na iyayen da aka ce wa jaririnsu yana da ruwa a kai ne, ko waɗanda suka ga kan ɗansu yana girma fiye da ƙima suka rasa inda za su nufa. Ciwon da kansa yana da nauyi, amma abin da ya fi cinye mana lokaci shi ne rashin sanin wace ƙofa ke bin wace, da wace takarda ake nema a kowace taga. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, ni ke riƙe wa maigidana lissafi, kuma ban taɓa sanin akwai likitocin da aikinsu kawai ƙwaƙwalwa da laka ba sai da lalura ta kai ni gabansu.

'Yar tamu lafiya lau aka haife ta. Bayan suna da 'yan kwanaki jikinta ya yi zafi, ta ƙi kama nono, ta yi jijjiga da daddare. Aka kwantar da ita a wani asibiti kusa da mu, aka yi ta yi mata allurai da ƙarin ruwa, aka ce ƙwayar cuta ce ta shiga jininta, wataƙila har ta taɓa rufin ƙwaƙwalwa irin yadda sanƙarau ke yi. Ta warware, muka dawo gida muna murna. Ba a jima ba uwarta ta fara cewa hulunan da aka kawo na barka ba sa shiga. Mahaifiyata ta ce, "Kai ma haka kanka yake kana jariri, gado ne, ku ƙyale yarinya ta huta." Maganar ta kwantar mana da hankali na ɗan lokaci, don a gaskiya mu dangin manyan kai ne. Sai dai maɗigar yarinyar ta cika ta yi tauri ko tana barci, jijiyoyin fatar kanta sun fito raɗa-raɗa, idanunta kuma suna yawan sauka ƙasa har farin sama ya bayyana. Ranar rigakafin sati goma ma'aikaciyar jinya ta ɗauko tef na awo ta zagaya kan, ta duba abin da aka rubuta a kati lokacin rigakafin sati shida, ta sake aunawa. Ta ce wa matata, "Maman yarinya, kira mini babanta." Ita ce ta fara yi mini bayanin da ya zauna mini: jariri yakan zo duniya da kai mai zagayen santimita 34 zuwa 35, a watanni ukun farko yana ƙara kamar santimita 2 a wata, tamu kuwa ta ninka hakan. Ta rubuta mana takardar tura mara lafiya, ta ce kada mu tsaya ko'ina sai asibitin koyarwa.

Wanda bai taɓa shiga asibitin koyarwa ba yakan ɗauka da ya isa zai ce ina likitan ƙwaƙwalwa a nuna masa. Ba haka tsarin yake ba. Da takardar a hannu muka fara da wajen yankar kati, aka biya, aka buɗe fayil, aka ba mu lamba. Lambar nan da ita za a nemo komai nan gaba, har sakamakon gwaji, don haka na rubuta ta a waya da kuma cikin ƙaramin littafi. Daga nan sashen yara aka tura mu, saboda jariri ne, su ne za su fara dubawa su rubuta wa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Mun isa bayan asuba kaɗan, duk da haka mun tarar da layi, kuma sai wajen azahar aka kira mu. Likitar yara ta yi tambayoyin da ban shirya musu ba: a ina aka haihu, wa ya yanke cibiya kuma da me, me aka shafa mata, kwana nawa zazzaɓin farko ya yi, waɗanne allurai aka yi. Da sa'a matata ta ajiye takardar sallama ta asibitin farko a cikin jakar rigakafi. Aka rubuta mana hoton sikanin na kai, wanda ake ɗora na'urar a kan maɗiga tun da ƙashin wajen bai rufe ba. Shi ne mafi araha cikin hotunan, ba ya buƙatar a sa jariri barci, kuma a ranar muka karɓi sakamako: ramukan cikin ƙwaƙwalwa sun buɗe sun cika da ruwa. Aka ƙara rubuta hoton CT, wanda ake shigar da mutum cikin babbar na'ura ta ɗauki hoton cikin kai dalla-dalla. Kuɗinsa ya ninka na sikanin sau da yawa, wani hoton da ake kira MRI kuma ya fi shi tsada, amma mu ba a nemi MRI ba. Shawarar da mai ɗaukar hoton ya ba mu ta yi amfani: a jinkirta nono kaɗan, a shayar da ita daf da shiga, a naɗe ta da zani. Ta yi barci, cikin mintuna aka gama ba tare da allurar barci ba. A karɓi fim ɗin da kansa tare da rahoton, don likitocin tiyata fim suke ɗagawa su duba da idonsu kafin su karanta abin da aka rubuta.

Sashen tiyatar ƙwaƙwalwa yana da ranakun da yake ganin marasa lafiya na waje, ba kullum ba, sauran ranakun suna tiyata ko zagayen ɗakuna. A bencin jira na ga mutanen Haɗeja, na Daura, na Azare, har da wata mata da ta taso daga Damagaram. Akwai masu ciwon baya da ƙafa ta mutu, akwai matasan da suka faɗi a babur, akwai wani dattijo da ya rikice makonni bayan ya bugu a ka ana zaton tsufa ne ashe jini ne ya taru, akwai jarirai irin tamu. Dalilin cunkoson a bayyane yake. Fannin bai tsufa ba a ƙasar nan, Latunde Odeku ne ya buɗe sashe na farko a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962, kuma har yau likita ɗaya ne ga mutum sama da miliyan. A Arewa cibiyar asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda Farfesa B. B. Shehu ya jagoranta, ta horar da da yawa daga cikinsu. Bayan mutum ya gama karatun likita sai ya ƙara shekara shida ko fiye kafin ya zama kwansoltan, wato babban likita, a fannin. Wannan ya sa wanda zai fara ganinka galibi rejistara ne, wato cikakken likita mai neman ƙwarewa, a bayansa ga sababbin likitoci da ɗalibai suna rubutu. Na ga wani magidanci yana faɗa wai shi babban likita ya zo gani ba yara ba. Ban ga amfanin faɗan ba. Rejistaran shi ke kwana a asibiti, shi ya san fayil ɗinka ciki da waje, kuma shi zai gabatar da kai ga babban.

Da babban ya shigo ya ɗaga fim ɗin, ya taɓa maɗigar, ya zaunar da mu. Ya ce kowane mutum ƙwaƙwalwarsa tana yin wani ruwa garau a cikin ramuka huɗu, babba yana yin kusan rabin lita a rana, ruwan yana zagayawa ya koma cikin jini. "Malam, ka ɗauka famfo ne ke zuba a tsakar gida ba ya tsayawa, kwata kuma ta toshe. Ciwon da ta yi bayan suna shi ya bar tabo ya toshe hanyar." A babba ƙashin kai a rufe yake, a jariri kuwa bai haɗe ba, shi ya sa kan ke buɗewa, ƙwaƙwalwar kuma tana matsuwa tana sirancewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, babu maganin sha?" Ya ce babu wanda zai buɗe hanyar. Aiki iri biyu ne. Na farko a sa siririyar roba mai bawul, wato ɗan makulli mai daidaita fitar ruwa, wadda suke kira shant, daga ramin ƙwaƙwalwa ta bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya da ƙirji zuwa cikin ciki, inda jiki zai shanye ruwan. Na biyu a shiga da ƙaramar kyamara a huda sabuwar hanya a ƙasan rami na uku, wani lokaci a ƙona wajen da ke yin ruwan don ya ragu, ba a bar komai a jiki ba. Na biyun ya fi kwanta mini, amma ya ce ba kowane jariri yake karɓa ba, ƙanƙantar shekaru da tabon ciwo suna rage nasararsa, kuma a hoton tamu robar ta fi dacewa. Bai ɓoye mana komai ba: robar tana iya toshewa ko ta kamu da ƙwayar cuta, cikin yara goma kusan huɗu sukan buƙaci a sake taɓa ta a shekara ɗaya ko biyun farko, kuma aikin zai tsayar da ɓarna ne, abin da ya riga ya lalace sai a hankali a ga iya abin da zai dawo. Matata ta yi kuka a adaidaita sahu har gida. A gida kuma aka rabu biyu, masu cewa ba a taɓa kan jariri da wuƙa da masu cewa a bi likita. Limamin unguwarmu ne ya raba gardamar, ya ce neman magani umarni ne, a yi aikin a ci gaba da addu'a.

Samun gado ya ɗauki lokaci, domin ɗakin tiyata ɗaya ake rabawa da waɗanda aka kwaso daga hatsarin mota, su kuwa ba sa jira. Aka karɓi lambar wayata, aka ce mu riƙa auna kan duk mako a wuri guda, sama da gira zuwa inda ƙeya ta fi fitowa, in ta fara amai ko barci mai nauyi mu zo ta imajansi ko da tsakar dare ne. Da aka kira mu aka kwantar da ita, sai wani sabon jerin gwaji: yawan jini, rukunin jini, gishirin jiki, da ɗibar ruwan kan ta maɗiga da allura don a tabbatar babu sauran ƙwayar cuta, saboda in akwai, sa roba a ciki ɓarnar kuɗi ce da haɗari. Ruwan ya fito lafiya. Jininta ne ya yi ƙasa, ga mura ta kama ta, likitan sa barci ya ce ba zai taɓa ta ba sai ƙirjin ya washe, aka ɗaga ranar. Na ji zafin ɗagawar a lokacin, amma da ya bayyana mini yadda mura ke iya shaƙe jariri a ƙarƙashin maganin barci sai na yi shiru. Ana buƙatar a ajiye jini kafin aiki, kuma dangi ne ke bayarwa a madadin wanda za a ɗauka, don haka a tanadi mutum biyu ko uku masu lafiya tun da wuri, domin ba duk wanda ya zo ake karɓar nasa ba. Ƙanina ne ya ba da namu.

Maganar kuɗi kuwa, ba dunƙule ake biya ba. Kati daban, kowane hoto daban, kowane gwaji daban, kuɗin gado, kuɗin tiyata, kayan aiki, magungunan kashe ƙwayar cuta, sannan robar kanta. Kowane biya da rasit ɗinsa, kuma za a iya tambayarka rasit ɗin da ka biya tun makon jiya, don haka na sayi fayil na roba ina jera su. Abin da mutum ba ya lissafawa shi ne abincin mai jinya, kuɗin mota, da kasuwar da ya bari. Mace ɗaya ake bari ta kwana da jariri, mu maza muna waje a kan tabarma ko a masallaci. Masu inshorar lafiya na ga suna kai da komo wajen karɓo lambar amincewa kafin a yi musu wasu abubuwa, wanda yake da ita ya fara wannan tun ranar farko. Akwai kuma ofishin jin daɗin jama'a na asibiti, inda ake duba halin marasa ƙarfi, kuma babu kunya a je. Mu adashen matata, da gudummawar 'yan layinmu a kasuwa, da abin da maigidana ya ƙara, su suka fitar da mu.

A wannan zaman jiran ne rejistara ya zo da wata takarda dabam da ta amincewa da aiki. Ya ce yana bincike a kan jariran da ruwa ya taru musu bayan zazzaɓin farkon haihuwa, wanda zai gabatar wa kwalejin da za ta ba shi shaidar ƙwarewa, yana neman izinin rubuta tarihin 'yarmu da awon kanta, da amfani da ragowar ruwan da aka riga aka ɗiba. Mahaifiyata tana zaune a wajen, da ta ji kalmar bincike ta miƙe. "Kai, kada ka sa hannu. Gwaji za su yi da ita." Ban ga laifinta ba, kuma duk ɗan Kano ya san inda tsoron ya samo asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wato IDH, na nan garin, yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Likitan bai yi fushi ba. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, kina da gaskiya ki tambaya." Ya karanta mana takardar da Hausa, ya nuna hatimin kwamitin ɗa'a na asibiti, ya ce babu sabon magani, babu ƙarin allura, ba za a sa sunanta a ko'ina ba, kuma in mun ƙi, aikin da ranarsa ba za su canja ba. Ya bar mana takardar ta kwana. Tambayoyin da nake ganin kowa ya kamata ya yi su ne waɗannan da ya amsa, a ƙara da ko mutum zai iya janyewa daga baya, a kuma karɓi kwafi. In aka ce sai ka sa hannu za a yi maka aiki, wannan ya saɓa wa ƙa'ida.

Na sa hannu, kuma abin da ya sa na yarda shi ne robar da za a sa wa 'yata. Akwai mai tsada ta Turai da Amurka, akwai mai araha ta Indiya da ake kira Chhabra, kuma na so in ci bashi in sayi mai tsadar don zuciyata ta ce mai araha ba ta da ƙarko. Rejistaran ya ce wani likita Ba'amurke, Benjamin Warf, da ya yi aiki a asibitin yara na Mbale a Yuganda, ya gwada su biyun a kan yara ya wallafa a 2005, ta dala 35 da ta dala 650, bayan shekara guda babu wani bambancin a zo a gani. A can ne kuma aka gano yawancin ruwan kai na jariransu bayan ciwon farkon haihuwa yake zuwa, aka inganta aikin kyamarar nan, a 2020 ma aka gano wata ƙwayar cuta mai suna Paenibacillus a ruwan kan da yawa daga cikinsu. Iyayen Yuganda da suka yarda a rubuta bayanan 'ya'yansu su suka hana ni cin bashin da ba dole ba. Ƙwayar da ke yi wa jariran Kano wannan ɓarna kuwa a nan za a nemo ta, a ruwan da ake ɗiba a ɗakunanmu.

Daren aiki aka ce a tsayar da nono awa huɗu kafin lokaci, a kiyaye wannan sosai ko tana tsala kuka. Da safe aka aske gefen kan, na sa hannu a takardar amincewa, aka karɓe ta a ƙofar tiyata. Aikin kansa bai fi awa ɗaya da wani abu ba, amma da shiri da farfaɗowa sai da muka shafe rabin yini a tsaye. Ta fito da bandeji biyu, ɗaya a bayan kunne ɗaya a ciki. Sista ta ce a kwantar da ita a miƙe ba matashi, kada ta kwanta a kan gefen bawul ɗin don fatar jariri siririya ce tana iya ƙujewa, kada kuma kowa ya riƙa danna shi. Washegari maɗigar ta yi laushi ta ɗan faɗa, idanun suka fara daidaita. Kan ba ya komawa ƙarami, wannan ya kamata a gaya wa dangi tun kafin su zo dubiya su karaya: girmansa ne ke tsayawa, jiki ya biyo shi a hankali. An bar sauran tsawon robar a naɗe a cikin ciki don ta riƙa warwarewa yayin da yarinya ke tsawo. Kowace safiya tawagar takan zo zagaye, kuma nan ne lokacin tambaya, don haka nake rubuta tambayoyina tun dare. A gadon kusa da mu akwai jariri mai ƙari a gadon baya wanda shi ma ruwan ya taru masa, a nan na ji likita yana gaya wa uwar cewa ƙwayar folik asid da ake sha tun kafin a ɗauki ciki tana rage irin wannan sosai, kuma ba ta da tsada.

Bayan sallama mun koma cire zare, sannan ganin likita a kai a kai, da sashen gashin ƙashi saboda wuyanta ya yi jinkirin tsayawa, da likitan ido. Yanzu tana zama da kanta, tana bayan sa'o'inta kaɗan, likitocin sun ce a ci gaba da gashin. Da zan ba wani shawara, zan ce duk jaririn da ya yi zazzaɓi mai tsanani ko jijjiga a watan farko, a riƙa auna kansa a kowace rigakafi a rubuta a kati, ko ma'aikaciya ba ta ɗauko tef ba a roƙe ta. Kada a zubar da takardar sallama ta kowane asibiti. Wanda aka sa wa roba kuma, amai mai yawa, barcin da ba a iya tashinsa, kumburin maɗiga, zazzaɓi, ja ko kumburi a kan hanyar robar, kumburin ciki, ko jijjiga, duk na imajansi ne, ba na kemis ba. Mun taɓa rugawa da ita da dare saboda amai da zafin jiki, aka duba robar aka ga lafiya, gwaji ya nuna maleriya ce, kuma likitan da ke bakin aiki ya ce haka ake so a yi, a fara kawar da zargin robar kafin a ce sauro ne. Abin da ya fara tambaya a daren shi ne irin robar da ranar da aka sa ta da fim ɗin CT na farko, don haka a nemi likita ya rubuta waɗannan a takardar sallama, a ɗauki hotonta a wayar uwa da ta uba.